MAGANI BA GYAƊA BA NE: KASHEDI GA 'YAN AREWA MAZAUNA KURMI

Babu zangon Hausawa a Kurmi, tun daga Agege da Idi-Araba da Alaba Rago a Ikko, zuwa Sabon Badun da Sabon Shagamu, har Anaca da Aba da Fatakwal, inda ba a ganin mai tallar magani da yamma. Wani ya ɗora faranti a ka, wani ya rataya akwati, wani ya turo baro, wani kuwa ya shimfiɗa buhu a ƙofar masallaci ya baza ƙwayoyi ja da fari da rawaya kamar mai sayar da gyaɗa. Ɗan dako ya taso daga aiki jiki na tsami, ya miƙa abin da ya sawwaƙa, ya ce a haɗa masa na ciwon jiki. Mai talla ya ɓallo wannan, ya ɓallo waccan, ya ƙulle ƙwaya biyar ko shida a leda, ya ce a shanye gaba ɗaya. Mai saye bai san sunan ko guda ba, mai sayarwa kuwa sau da yawa launinsu kaɗai ya sani. Wannan shi ake kira haɗi, kuma shi ne ke cin hanta da ƙodar 'yan ci-rani a ɓoye, ba tare da an ji ƙara ba.

Maganar ba za ta yi wa wasu daɗi ba, domin da yawa daga masu wannan talla 'yan gida ne, masallaci ɗaya ake shiga da su, mota ɗaya ake hawa zuwa Arewa in salla ta zo. Amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Maganin da ba a san sunansa ba, ba a san awonsa ba, ba a kuma san cutar da ake shansa dominta ba, guba ne, ko da kuwa na gaske ne daga kamfani mai kyau. Wanda ya sayar da shi haka ya ci amana, gwamnatin da ta bar talaka ba shi da wata mafita sai wannan ita ma ta ci amana, kuma lokaci ya yi da za a faɗi haka a fili.

DON ME BAƘO YA FI FAƊAWA?

Mutumin da ya baro Sakkwato ko Katsina ko Haɗeja ya zo Kurmi neman abinci, jikinsa ne jarinsa. Ɗan ga-ruwa, da ɗan acaɓa, da mai gadi, da mai haƙar rijiya, da yaron mota mai rako tumatir da albasa zuwa kasuwar Mil 12, duk ranar da ɗayansu bai fita ba, babu na abinci, balle abin aikawa gida. In ya nufi asibitin gwamnati sai ya yanki kati, ya bi layi tun da asuba, ya rasa aikin yini guda, sa'an nan ya tarar da malamin asibiti da ba ya jin Hausa, shi kuma ba ya jin Yarbanci ko Turanci. A ƙarshe a rubuta masa takarda a ce ya je waje ya saya.

Mai talla kuwa yana nan a bakin ƙofa. Yana jin Hausa, yana ba da bashi, yana sayar da ƙwaya ɗaya tak in ita kaɗai kuɗin mutum ya kai. Ba ya tambayar ko mutum yana da gyambon ciki, ko hawan jini, ko matar da za a kai wa tana da juna biyu. Sauƙin nan shi ne tarkon. Saboda haka ya wajaba mai karatu ya san abin da ke cikin ledar nan, ɗaya bayan ɗaya.

MAGANIN CIWON JIKI

Farasitamol, wanda aka fi sani da Panadol, magani ne mai amfani ƙwarai ga ciwon kai da zafin jiki, kuma in an bi ƙa'ida yana cikin mafi sauƙin illa. Ƙa'idarsa ga babban mutum ita ce ƙwaya ɗaya ko biyu mai miligiram 500, a bar aƙalla awa huɗu tsakani, kada kuma a wuce ƙwaya 8 a yini da kwana. Wanda ya zarce haka yana ƙona hantarsa. Mugun abin shi ne ba a jin ɓarnar nan take, sai bayan kwana biyu ko uku ido ya yi rawaya, amai ya taso, a ce shawara ce ko sammu. Magungunan mura da yawa suna ɗauke da farasitamol a cikinsu, watau wanda ya sha Panadol ya ƙara da na mura ya ninka awo bai sani ba. Mai ciwon hanta, da ramamme, da mashayin giya, su ko ƙwaya takwas ɗin ta yi musu yawa.

Sai dangin asfirin, watau ibufurofen da dikulofenak da Feldene, waɗanda su ne ƙashin bayan kowane haɗin ciwon jiki. Suna kashe raɗaɗin gaɓoɓi da kumburi, wannan gaskiya ne. Amma suna cinye rigar da ke kare bangon ciki, har su jawo gyambo da zubar jini. Wanda ya ga bayan gidansa ya yi baƙi kamar kwalta, ko ya yi aman jini, to, ya nufi asibiti a ranar. Har ila yau suna rage jinin da ke zuwa ƙoda, kuma haɗarin ya fi tsanani ga wanda ruwan jikinsa ya ƙare. Wane ne ruwan jikinsa ke ƙarewa kamar ɗan dakon da ya yini yana gumi a rana, ko mai azumin da ya haɗiyi ƙwaya da sahur ciki babu komai? Likita ba ya haɗa biyu daga wannan dangi a lokaci ɗaya, amma mai talla yakan zuba biyu ko uku a leda guda, domin mai saye ya ji sauƙi da wuri ya dawo gobe. Ƙodar da ta mutu kuwa ba ta farfaɗowa. Sai wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako, kowane zama dubun-dubatar nairori, abin da ɗan ga-ruwa ba zai tara ba ko a wata guda. Ba a ba mace mai tsohon ciki waɗannan magunguna, ba a kuma ba yaro ɗan ƙasa da shekara 16 asfirin in yana zazzaɓi, domin yakan taɓa masa hanta da ƙwaƙwalwa.

KAFSO BA RUWAN SHA BA NE

Akwai wata al'ada da ta zama ruwan dare, ta shan kafso don wankin jini, ko don ciwon ciki, ko don mura, ko ma don kawai an ji jiki ba daɗi. Ampiclox, da tetirasaikilin mai ja da rawaya, da Septrin, da Flagyl, duk magungunan kashe ƙwayoyin cuta ne na bakteriya da makamantansu, kuma sun ceci rayuka ba adadi tun da Alexander Fleming ya gano fenisilin a 1928. Amma mura da yawancin tarin sanyi wata ƙwayar cuta ce daban ke kawo su, wadda ake kira bairos, kuma kafso ba ya yi mata komai. Jini kuma ba tufa ba ne balle a wanke shi da kafso.

Kowannensu yana da nasa sharri. Tetirasaikilin yana ɓata haƙoran yaro ɗan ƙasa da shekara 8 su dafe har abada, kuma ba a ba mai ciki. Septrin yakan sa fatar wasu mutane ta saɓule, baki da ido su kwaile kamar wanda ya faɗa wuta, har a rasa rai. Kuloramfenikol, wanda ake sha barkatai da sunan maganin taifot, yakan kashe ɓargo ya daina yin jini. Dangin fenisilin kuwa, irin su Ampiclox, akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓarsu sam, numfashi ya sarƙe cikin 'yan mintoci.

Babbar ɓarnar ita ce wadda ta shafi kowa. In likita ya rubuta kafso na kwana biyar ko bakwai, mutum ya sayi guda biyu ya sha ya bari, raunanan ƙwayoyin cutar ne kaɗai ke mutuwa, masu taurin kai su saura su hayayyafa, su kuma bi ruwa da abinci da hannu su kama wasu. Gobe in cutar gaske ta zo, a yi ta ba da magani kamar ana zuba ruwa a rariya. Fleming da kansa ya yi wannan gargaɗi a 1945 lokacin da aka ba shi kyautar Nobel. Wani babban bincike da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2022 ya nuna cewa a shekarar 2019 kaɗai mutum miliyan 1 da dubu 270 suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce kan gaba. Wanda ke shan kafso barkatai yana haƙa ramin da ɗansa zai faɗa.

Gudawar yara ma haka. Abin da ke kashe yaro mai gudawa shi ne ƙarewar ruwan jiki, maganinsa kuwa ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinki, waɗanda kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Tun zamanin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, Ministan Lafiya daga 1985 zuwa 1992, ake ta shelar ruwan gishiri da sukari a rediyo. Amma mai talla ba ya samun riba a gishiri da sukari, don haka Flagyl da kafso zai miƙa wa uwar.

ZAZZAƁI DA SON ALLURA

Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Nijeriya suke, bisa ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya. Dattawa suna tuna kulorokwin, da ɗacinsa, da ƙaiƙayin da yake sa mutum ya kwana yana susa. Ya yi zamaninsa, amma ƙwayar cutar ta saba da shi, har gwamnati ta sauke shi daga matsayin maganin farko a 2005, ta maye gurbinsa da irin su Coartem. Shi kuwa ana shansa sau shida cikin kwana uku, tare da madara ko abinci mai maiƙo domin ya shiga jini sosai. Wanda ya sha na kwana ɗaya ya ji sauƙi ya ajiye sauran don wata rana, yana neman ya yi wa wannan magani abin da aka yi wa kulorokwin.

Bugu da ƙari, ba kowane zafin jiki ne zazzaɓin sauro ba. Sanƙarau da ciwon huhu da zazzaɓin Lassa duk da zafin jiki suke farawa. Akwai gwajin ɗigon jini daga yatsa wanda ke nuna gaskiya cikin minti 15 zuwa 20, kuma tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada kafin a ba da magani. Mai faranti ba ya gwaji. Duk wanda ya zo da zafin jiki, maleriya da taifot ne, a haɗa masa.

Sa'an nan ga son allura. An ɗauka cewa in ba a tsira wa mutum allura ba, ba a yi masa magani ba. Alhali kuwa yawancin cututtukan yau da kullum ƙwaya ta ishe su. Allurar bayan kanti takan bar ƙurji mai ruɓewa, takan taɓa jijiyar ɗuwawun yaro ƙafa ta shanye, kuma in an maimaita sirinji ana iya ɗaukar ciwon hanta ko cuta mai karya garkuwar jiki. Wanda bai koyi aikin asibiti ba, ba shi da hurumin riƙe sirinji, ko da ya rataya farar riga.

NEMAN ƘARFI DA NEMAN ƘIBA

A nan ne abin ya fi muni. Tiramadol magani ne na ciwo mai tsanani, irin na bayan tiyata ko karaya, kuma ɗan uwan hodar iblis ta hirowin ne a wajen aiki a ƙwaƙwalwa. Likita yakan ba da miligiram 50 ko 100, ba ya wuce 400 a yini. Wanda ake sayarwa a tasha kuwa ƙwaya ɗaya takan kai 200 ko 225, ana shigowa da ita ta ɓarauniyar hanya, a sayar wa matashi da sunan maganin gajiya. Ranar farko ya yi aikin mutum biyu. Bayan 'yan makonni ba ya iya tashi sai da ita, kuɗin da zai aika wa mahaifiyarsa ya koma aljihun dila. Daga nan sai farfaɗiya a kan babur a tsakiyar titi, ko numfashi ya tsaya cikin barci, a wayi gari a ce kwana ya ƙare. Akwai masu jefa tiramadol cikin haɗin ciwon jiki ba tare da sun faɗa ba, domin wanda ya kamu ya zama abokin ciniki na dindindin. Wannan ba shi da suna sai zalunci.

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya gano cewa mutum miliyan 14 da dubu 300 ne suka sha ƙwaya a Nijeriya cikin shekara guda, daga cikinsu miliyan 4 da dubu 600 irin su tiramadol da kodin suka sha ba da izinin likita ba. A watan Mayu na wannan shekara ta 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigowa da shi, bayan da BBC ta fallasa yadda ake fitar da shi ta bayan gida ana sayar wa matasa da matan aure. Abin tambaya shi ne, sai da baƙi suka ɗauko hoto kafin mahukunta su ga abin da kowane mai unguwa ya daɗe da sani?

Deksametazon kuma magani ne mai daraja a hannun likita, ga asma mai tsanani da kumburi, har ma an tabbatar a Ingila a 2020 cewa yana ceton masu korona da numfashinsu ya sarƙe. Amma a zango an mai da shi maganin ƙiba ga 'yan mata da amare, da maganin sanyin ƙashi ga tsofaffi. Kumburin fuska da yake kawowa ruwa ne da kitse marar amfani, a bayansa kuwa akwai ciwon sukari, da hawan jini, da ƙashi mai saurin karyewa, da raunin garkuwar jiki. Garin neman ƙiba a samo rama. Wanda ya daɗe yana sha kuma kada ya yanke rana ɗaya, domin hakan ma yana kisa. Ya je likita ya rage masa sannu a hankali. Piriton da Valium su ma suna da amfaninsu, amma suna sa barci, kuma direban tirela da ya sha su ya kama hanyar Ikko zuwa Kano ya ɗauki rayukan mutane ya sa a caca.

JABU DA LALATACCE

Duk abin da aka lissafa a sama illar maganin gaske ce. To, ina ga na jabu? Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2017 cewa kusan ɗaya cikin kowane magani goma a ƙasashe masu tasowa ko dai jabu ne ko kuwa bai cika inganci ba. Na gasken ma in ya yini a faranti cikin rana da laimar Kurmi, ƙarfinsa yakan ragu tun kafin ranar da aka rubuta a kwali. Ƙwayar da aka ɓalle daga kwalinta kuwa ba ta da suna, ba ta da ranar lalacewa, ba ta da lambar hukuma.

Ƙasar nan ta sha binne 'ya'yanta saboda wannan sakaci. A 1990 yara fiye da 100 suka mutu a Jos da Badun bayan sun sha ruwan farasitamol da aka haɗa da wani sinadari mai guba, ɗan uwan wanda ake zubawa a injin mota, wanda ke kashe ƙoda. Bayan haka aka kafa hukumar NAFDAC a 1993. Duk da haka, a 2008 zuwa 2009 irin wannan guba ta sake kashe yara 84 ta cikin wani maganin haƙori mai suna My Pikin da aka yi a Ikko. A 2022 kuma yara kimanin 70 suka mutu a Gambiya ta wannan hanya, da maganin tari da aka shigo da shi daga Indiya. Uwar da ta sayi kwalba ba ta da hanyar gane guba da ido. Aikin hukuma ne ta gane mata.

MASU CEWA LIKITAN TALAKA NE

Akwai masu kare wannan sana'a, suna cewa mai tallar magani shi ne likitan talaka, in an kore shi ina talaka zai nufa, kuma shi ma abinci yake nema. Maganar tana da kamar gaskiya, don haka ya kamata a amsa ta. Na farko, likita yana tambaya kafin ya ba da magani, yana kuma cewa a'a in babu bukata. An taɓa ganin mai faranti ya ce wa mai kuɗi a hannu ya je ya huta ya sha ruwa, ba ya bukatar komai? Na biyu, arahar ƙarya ce. Kuɗin haɗin kullum na wata shida ya fi kuɗin kati da gwaji, balle a zo ga kuɗin wankin ƙoda, ko kuɗin motar da za ta kai gawa gida. Na uku, neman abinci ba ya halatta cutar da mutane. Mahaucin da ya sayar da mushe shi ma abinci yake nema, amma babu zangon da zai ƙyale shi ya kwana. Musulunci ya haramta algus a ciniki, malamai kuma sun yi bayani cewa wanda ya yi wa mutane magani ba da sani ba, alhakin abin da ya faru yana wuyansa.

Mai saye ma yana da nasa kason. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mutumin da ba zai sayi akuya ba sai ya duba haƙoranta, ba zai sayi goro ba sai ya buɗe huhu ya gani, yaya zai haɗiyi ƙwaya shida bai tambayi sunan ko ɗaya ba?

LAIFIN MAHUKUNTA

Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Dokar hana jabun magunguna ta 1999 ta haramta sayar da magani a kasuwa da tasha da bakin titi da cikin mota. Shekara fiye da ashirin ke nan, kuma duk wanda ya hau bas a Ikko ya san yadda ake bin wannan doka. Marigayiya Farfesa Dora Akunyili, wadda ta shugabanci NAFDAC daga 2001 zuwa 2008, ta nuna cewa in an so ana iyawa: ta ƙona jabu a bainar jama'a, ta rufe kasuwar magani ta bakin gadar Anaca a 2007, har aka nemi ranta. A watan Fabrairu na 2025 hukumar ta sake dirar wa kasuwannin Idumota da Anaca da Aba, ta kwashe kaya mota-mota. Abin a yaba ne, amma tun da aka sake komawa kasuwa guda bayan shekara 18, ashe an kashe maciji ba a sare kansa ba. Kama yaro mai faranti a bar attajirin da ya shigo da kwantena ta Apapa, wasa ne da hankalin jama'a.

Tushen abin kuwa shi ne rowar da ake yi wa lafiya. A watan Afrilu na 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi domin lafiya. Nijeriya ce mai masaukin baƙi, amma Gwamnatin Tarayya ba ta taɓa cika wannan alkawari ba, yawancin shekaru ko rabinsa ba ta kaiwa. Sakamakon haka, fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa a kan jinya a ƙasar nan daga aljihun marar lafiya yake fitowa. An yi dokar lafiya ta ƙasa a 2014, an yi ta inshorar lafiya a 2022 wadda ta ce kowa ya shiga, amma a je zango a ƙirga 'yan dako nawa ke da katin. Da darajar naira ta faɗi a 2023, kamfanin GSK kuma ya sanar da rufe harkarsa a ƙasar, farashin magungunan kirki ya yi tashin gwauron zabi, talaka ya ƙara komawa ga faranti. Manya kuwa da ciwon kai ya taɓa su sai Landan. Ba a ce abin ba ya yiwuwa ba: a 1979 jam'iyyar UPN ta sa magani kyauta cikin manyan manufofinta huɗu, kuma Alhaji Lateef Jakande ya aiwatar da shi a Jihar Ikko. Ɗan Arewa da ke biyan kuɗin tikiti a kasuwa kowace safiya yana da haƙƙi a asibitin jihar da yake zaune daidai da kowa, domin ɗan ƙasa ne, ba almajirin kowa ba.

ABIN YI

Sarakunan Hausawa na Kurmi, da limamai, da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa da direbobi, su ne ya kamata su fara. Su hana tallar magani a harabar masallaci da cikin zango. Su taimaki masu tallar su koma wata sana'a, domin korar mutum ba tare da mafita ba ita ma ba gyara ba ce. Su nemi ƙaramar hukuma ta sa ma'aikacin lafiya mai jin Hausa, ko tafinta, a asibitin da ke kusa da kowane zango. Duk ɗan siyasar da ya zo neman ƙuri'a da buhun shinkafa, a tambaye shi ina ɗakin shan magani, a kuma riƙe amsarsa har ranar zaɓe.

Shi kuma mai karatu, kada ya karɓi ƙwayar da aka raba da kwalinta. Ya sayi magani a kantin da ke da lasisi, ya duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, in akwai wurin kankarewa a kwalin ya kankare ya aika da lambar ta waya a tabbatar masa. In ba ya karatun boko ya sa yaro ya karanta masa. Ya faɗa wa mai ba shi magani in yana da gyambon ciki, ko hawan jini, ko ciwon hanta, ko in matarsa na da ciki ko tana shayarwa. Ya shanye na zazzaɓi da kafso har ƙarshe yadda aka ce. Zafin jikin da ya wuce kwana biyu bai sauka ba, ko fitsarin da ya ragu, ko kumburin ƙafa da fuska, ko ƙurajen da suka feso bayan shan magani, duk na asibiti ne, ba na jira ba. Gajiyar aiki kuwa maganinta ruwa da abinci da barci.

Iyaye da mata da 'ya'ya suna can gida suna duban hanya. Abin da suke jira shi ne mutum ya dawo da ƙafarsa, da ɗan abin da Allah ya hore masa. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya kuma sa mahukunta su tuna cewa za a tambaye su.